Na nemi aikin kare muhalli wurare 23, babu amsa: in ci bashi in yi mastas?

Wasiƙar wannan mako daga wani matashi ta fito. Ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malamai. Shekara biyu ke nan da na gama digiri a ilimin halittu. Tun ina yaro nake son tsuntsaye da namun daji, kuma burina in yi aikin kare daji, ko aikin tsara yadda za a yi amfani da ƙasa ba tare da an lalata ta ba. Na tura takardar neman aiki wurare 23, ko kira ba a yi mini ba. Kowace sanarwa sai ka ga an ce ana son mai gogewar shekara uku. To ina zan samo gogewar in ba a ɗauke ni ba? Mahaifina ya ce in bar zancen, wai gadin itatuwa ba sana'a ba ce. Yanzu ina tunanin cin bashi in yi mastas ko Allah zai sa a dube ni. In ci bashin, ko in haƙura in kama wani abu?"

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Kada ka ci bashin nan, kuma kada ka haƙura tukuna. Ba digiri na biyu ka rasa ba. Abin da ka rasa shi ne aikin hannunka guda ɗaya da za ka ajiye gaban mai ɗaukar ma'aikata ka ce masa: ga shi, ni na yi. In ka yi mastas a halin da kake ciki, za ka fito da takarda biyu da bashi ɗaya, tambayar shekara ukun kuwa tana nan tana jiranka a bakin ƙofa.

Ba mu ga takardunka ba, amma mun san irinsu. Yawanci suna farawa da cewa mai neman aikin yana matuƙar ƙaunar muhalli. Duk wanda ya nemi gurbin haka ya rubuta. Shi mai tantancewa abu uku ko huɗu yake laluba: wa ya iya zana taswira a kwamfuta, wa ya iya tattara bayanai a daji ba tare da ya ɓata su ba, wa ya iya rubuta rahoton da ba sai an sake masa ba, wa kuma zai iya zama da mutanen da aikin ya shafa su tashi ba a yi ɓatacciya ba. Gogewar shekara uku da suke rubutawa, sau da yawa gajeriyar hanya ce ta neman waɗannan. Wanda ya nuna su a aikace yakan tsallake sharaɗin.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani tun yanzu, kafin ka zuba shekarunka. Son namun daji shi ke kawo mutum wannan fage, amma ba da su zai yini ba. Mafi yawan lokacinka zai tafi ne a taro, a gaban kwamfuta, a rubutun neman tallafi, da sauraron manomin da giwa ta cinye masa gona a dare ɗaya. Dalili kuwa yana cikin tarihin sana'ar. Tun daga gandun dajin Yellowstone na Amurka da aka kafa a 1872, tsarin da duniya ta daɗe a kai shi ne a kori mutane a killace daji. Haka aka fitar da ƙabilar Masai daga dajin Serengeti na Tanzaniya a 1959, haka aka fitar da ƙabilar Batwa daga dajin Bwindi na Uganda a 1991. Gabar da irin wannan ta haifar har yau ana girbarta: wanda aka raba da dajin kakanninsa ba zai taya ka tsaronsa ba. Namibiya ta bi wata hanya a 1996, ta yi dokar da ta ba al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin moriyarsu. Sannan a ƙarshen 2022, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a birnin Montreal na Kanada, ƙasashen duniya suka amince a kai ga kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030. Babu inda za a samo wannan fili da babu mutane a cikinsa ko a gefensa. Ke nan wanda ya iya hulɗa da jama'a ya fi wanda ya haddace sunayen Latin dubu daraja a kasuwar aikin, ko da yake haɗa biyun ya fi.

Ga dukkan alamu takardun nan 23 duk ƙungiyoyin kare namun daji ka aika wa. A nan kuwa gurabe suka fi ƙaranci, masu nema suka fi yawa, kuma aikin kwantiragi ne na shekara ɗaya zuwa uku. Ranar da tallafi ya ƙare, albashi ya ƙare. Aikin gwamnati a ma'aikatun daji, ruwa, filaye da tsara birane ya fi zama daram, sai dai shigarsa jinkiri gare shi, albashin kuma ba yawa. Aikin sintiri a gandun daji yana da haɗari na gaske. A gandun dajin Virunga da ke Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo kaɗai, ma'aikatan da aka kashe a bakin aiki sun haura 200. Ƙofar da matasa irinka suka fi mantawa da ita kuwa ita ce rabi na biyu na burin da ka faɗa da bakinka, wato tsara yadda za a yi amfani da ƙasa.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin a nan abincin yake. Tun da Amurka ta fara aiki da dokarta ta muhalli a farkon 1970, ƙasashe suka yi ta bin sahu, har ya zama yau kusan ko'ina ba a gina babbar hanya, madatsar ruwa, ma'adinai ko masana'anta sai an yi binciken tasirin aikin ga muhalli, wanda a takardun aiki za ka ga ana taƙaita shi EIA. Ba doka kaɗai ke tilasta shi ba. Masu ba da bashin manyan ayyuka ma suna neman sa: hukumar IFC ta Bankin Duniya tana da ƙa'idoji takwas da aka sabunta a 2012, ta shidansu kan halittu da mazauninsu take. Kamfanonin ƙwararru ne ke yin wannan bincike, kuma kullum suna buƙatar ƙananan ma'aikata masu ɗebo samfurin ruwa da ƙasa, masu ƙirga itatuwa da tsuntsaye, masu zana taswira, masu rubuta bayanin taron jama'a. Binciken yana bin matakai sanannu. Da farko a duba ko aikin ma ya kai girman da zai buƙaci cikakken bincike. Sai a zaɓi abubuwan da za a mai da hankali a kansu. Sai a auna halin da wurin yake ciki kafin a taɓa shi, a yi hasashen ɓarnar da za ta biyo, a tuntuɓi mutanen wurin, a rubuta tsarin rage ɓarnar da na bibiya. Shi tsarin ragewar ma jeri gare shi, kuma ana yawan tambayar sa a intabiyu: a kauce wa ɓarnar in da hali, in babu a rage ta, abin da ya lalace a farfaɗo da shi, abin da ya gagara a rama a wani wuri. Karkatar da hanya mita 500 don ta kauce wa fadama ya fi sauƙi da arha a kan ƙoƙarin ƙirƙiro sabuwar fadama daga baya, wanda sau da yawa ma ba ya yiwuwa.

Sai dai ka shiga da idonka a buɗe. Mai aikin ne ke biyan kamfanin da ke binciken, don haka matsin lamba ba ya ƙarewa. Za ka ga rahoton da aka kwafo daga wani aiki, har da sunan kogin da babu shi a yankin. Za ka ga an shiga fili kwana uku da rani an rubuta cewa babu ruwa babu kwaɗi babu tsuntsayen ƙaura, alhali da damina wurin tafki ne. Za ka ga an fara bincike bayan katafila ta riga ta share rabin filin. Ƙa'ida ɗaya za ka riƙe: kada sunanka ya hau kan lambar da ba ka auna ba. Fagen nan ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma sunan da ya ɓaci da wuya ya wanku.

Ɓangaren tsara gari da filaye shi ma lissafi ne kafin ya zama ra'ayi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan milimita 50 a kan hekta ɗaya lita 500,000 ke nan. A fili mai ciyawa da itatuwa, ƙasa takan shanye kaso mai yawa. In aka shafe shi da kwalta da siminti da kwano, kusan tara cikin goma zai gangara ya nemi hanya, kuma zai same ta, ko ta kwalbati ko ta ɗakin wani. Haka nan in ka ji an ce "ambaliyar shekara ɗari", ba ana nufin sai bayan shekara ɗari take dawowa ba. Ana nufin kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari, wanda in ka tara na shekara 30 ya kai kusan kashi 26 cikin 100. Matashin da zai iya fahimtar da shugaban ƙaramar hukuma wannan a cikin minti biyar ba zai daɗe yana yawo da takardu ba.

To yanzu ga abin da muke so ka yi da wata goma sha biyu masu zuwa, kana yin duk wata sana'ar da za ta riƙe ka a gefe, domin cikin da babu komai ba ya ƙirga tsuntsu. Ka zaɓi wuri ɗaya da za ka iya zuwa da ƙafa ko da keke: kurmi, bakin rafi, fadama, ko filin da aka taɓa yin dashe aka watsar. Hekta 20 zuwa 100 ya isa. Ka nemi izinin masu wurin da na hukumar da ke kula da shi kafin ka buga turke ko ɗaya. Sannan ka yi wa wurin tambaya ɗaya tak, wadda ake amsawa da lamba. Misali: itatuwan wurin nan sun ƙaru ko sun ragu tun 2017, kuma waɗanne iri ne ke tasowa a ƙarƙashinsu?

Ka fara da taswira. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce, kuma ita ce ake aiki da ita a ofisoshi da yawa. Hotunan tauraron ɗan'adam ma kyauta ne: na Sentinel-2 na Turai sun fara a 2015, kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne a ƙasa, ana kuma samun sabon hoto kusan duk kwana biyar. Na Landsat na Amurka ɗigonsu mita 30 ne, amma tarihinsu ya koma shekaru da dama baya, an kuma buɗe su ga kowa tun 2008. Kurakurai uku ke kayar da sabon shiga a nan. Na farko, ya kwatanta hoton damina na wata shekara da hoton rani na wata, ya fito da ihun cewa daji ya ƙare, alhali ganye ne kawai ya zube; dole hotunan su zama na wata ɗaya, ko aƙalla na yanayi ɗaya. Na biyu, ya auna faɗin fili alhali taswirarsa tana kan ma'aunin digiri na layukan taswirar duniya, ba na mita ba, sai ya samu lambar da ba ta da ma'ana. Kafin kowane awo ka mayar da taswirar kan tsarin UTM na yankinka, wanda ke aiki da mita. Na uku, ya yarda da duk koren da ya gani. Tauraro ba ya bambance gonar rake da kurmi, kuma bishiya ɗaya tilo a tsakiyar gona sau da yawa ɓacewa take yi a cikin ɗigo. Maganinsa ka je da ƙafarka wurare 50 ko fiye ka duba, ka rubuta sau nawa taswirarka ta yi daidai. Wannan lambar ita ce ke raba aikin masani da zanen ado.

Sai awon itatuwa, kuma a nan za mu matsa kusa. Kana buƙatar igiya mai mita 30, turaku huɗu, tef ɗin tela, sanda da ka yi wa alama a daidai mita 1.3, alli, fensir, da littafi mai bango mai ƙarfi. Fensir muka ce, domin biro yana narkewa in ruwa ya taɓa takarda. Ka fitar da fili mai mita 20 tsawo, 20 faɗi. Don ka tabbata kusurwoyin sun tsaya daidai, auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta: mita 28.3 ya kamata ka samu. Wannan fili murabba'in mita 400 ne, wato ɗaya bisa 25 na hekta, don haka duk abin da ka ƙirga ka ninka sau 25 ka samu na hekta. Kowace bishiya ka jingina mata sandar, ka zagaya tef a daidai alamar, ka raba abin da ka samu da 3.14, kaurinta ke nan. In a gangare take, ka tsaya ta sama. In ta rabu biyu ƙasa da alamar, ka auna kowane reshe daban. In sama da alamar ta rabu, ɗaya ce. Wadda ka gama ka ja mata alli, in ba haka ba za ka auna ta sau biyu ba ka sani ba. Ka yanke mafi ƙarancin kaurin da za ka ƙirga, a ce santimita 5, kuma kada ka sauya shi a tsakiyar aiki. Waɗanda ba su kai ba, ka ƙirga su a ƙaramin fili mai mita 5 a kusurwa ɗaya, domin su ne ke gaya maka ko dajin yana da magada. Kurmi cike da manyan itatuwa da babu ƙanana a ƙarƙashinsu, kurmi ne da ke mutuwa a tsaye, ko da kuwa daga sama kore shar yake.

Babban kuskure kuwa tun kafin a ɗauko tef ake yin sa, wato wajen zaɓen inda za a kafa filayen awon. Zuciya takan ja mutum gefen hanya, ko inda inuwa ta fi daɗi, ko inda itatuwa suka fi kyau. Duk lissafin da aka ɗora a kan haka ya karkace. Ka bar QGIS ta jefa maka wurare 20 ko 30 kamar ƙuri'a, ka sa su a GPS ɗin wayarka, ka je duk inda ta faɗa, ko cikin ƙaya ne. In filin ya faɗa inda babu bishiya ko ɗaya, ka rubuta sifili. Sifili ma sakamako ne, kuma masu share shi su ne ke fitar da rahoton daji mai kauri a inda babu.

Tsuntsayen da kake so su ma suna da gurbi. Ka kafa wuraren tsayawa da tazarar mita 200 zuwa 250 a tsakaninsu, ka tsaya minti goma a kowanne, daga fitowar rana zuwa awa uku bayanta, ka rubuta duk wanda ka gani ko ka ji. Ka maimaita duk wata, a wurare iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya. Wanda ba ka gane ba, ka rubuta cewa ba ka gane shi ba. Ka riƙa sa ƙirgarka a eBird, hotunan tsirrai da ƙwari kuma a iNaturalist; dukansu shafukan intanet ne da jama'a ke tara bayanan halittun da suka gani. Amfanin biyu ne: masana za su gyara maka kuskure kyauta, sannan bayan shekara kana da tarihi mai kwanan wata da kowa zai iya dubawa. Duk ranar da ka dawo daga fili ka shigar da bayanan a Excel a ranar, layi ɗaya ga kowace bishiya ko kowane tsuntsu, ka ɗauki hoton shafin littafin ka ajiye wani wuri daban. Littafi ɗaya ya faɗa rafi, aikin wata shida ya bi ruwa.

Kada ka rubuta komai sai ka zauna da masu amfani da wurin: masu itace, makiyaya, masunta, masu ganyen magani, da tsofaffin da suka san shi tun kafin a haife ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum 20 zuwa 30 sun isa, maza da mata, domin abin da kowanne ke ɗiba a daji daban ne. Ka gaya musu ko wane ne kai da abin da za ka yi da amsoshinsu, kada ka yi alkawarin rijiya ko aiki, kada ka rubuta sunan kowa kusa da abin da doka ta hana. Kuma kada ka tambayi mutum me ya sa yake lalata daji. Daga nan hira ta ƙare. Tambaye shi wane itace ne a da ake samu kusa yanzu sai an yi nisa, kuma tun yaushe. Manhajar KoboToolbox za ta ba ka damar cike amsoshin a waya ko babu intanet.

Ƙarshen duk wannan rahoto ne mai shafi 10 zuwa 15: tambayar, yadda ka yi, taswira biyu, jadawali biyu ko uku, abin da ka gano, da inda aikin ya gaza. Ka kai wa masu wurin bayani da baki, ka kai wa hukuma kwafi, ka roƙi wani tsohon malaminka ya karanta da jan biro. Daga ranar, CV ɗinka zai daina cewa kana ƙaunar muhalli. Zai ce ka auna filaye 25, ka zana taswirar sauyin hekta 60, ka yi hira da mutum 30, ga kuma inda za a karanta. Takarda biyar da aka rubuta kowacce don gurbinta, aka amsa sharuɗɗan sanarwar ɗaya bayan ɗaya, sun fi 23 iri ɗaya.

Wani gargaɗi, tunda kusan duk matashin da ya shigo fagen nan da gangamin dashe yake farawa. Yawan abin da aka dasa ba nasara ba ne. Lambar da ke da amfani ita ce nawa suka rayu bayan ranin farko, nawa kuma bayan shekara uku. Dashe yana mutuwa ne saboda an makara damina ta yi nisa, ko ramin ya yi ƙanƙanta, ko an binne shi da ledarsa, ko babu kariya daga awaki, ko kuma, wanda ya fi yawa, ba na kowa ba ne. Wani lokaci ma rayuwar tasa ce masifar. An kawo itacen Prosopis daga nahiyar Amurka don ya tare hamada. A Baringo ta Kenya da yankin Afar na Habasha ya mamaye makiyaya da bakin koguna, dabbobi na cin 'ya'yansa suna baza irin a kashinsu, yanzu kuɗi ake kashewa ana yaƙarsa. A gefe guda kuma, a kudancin Nijar tun shekarun 1980, manoma tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo suka koma ga kututturan da ke raye a gonaki: a zaɓi toho mafi ƙarfi ɗaya zuwa biyar, a sassabe sauran, a kare su. An ƙiyasta hekta miliyan biyar sun farfaɗo ta wannan hanya, ba da dashe ba. Idan filin da ka zaɓa tsohon wurin dashe ne, ƙirga waɗanda suka rayu da gano dalilin mutuwar sauran aiki ne da masu ba da tallafi ke ƙishirwarsa.

Aikin sa-kai yana da amfani in yana da iyaka. Wata uku zuwa shida, a rubuce a faɗi abin da za ka koya da wanda zai duba aikinka, a kuma yi maka alkawarin takardar shaida. Wanda za ka yini kana ɗaukar kujeru a taro ba gogewa ba ce. Wanda kuma za a ce kai za ka biya don ka yi, bar shi. Bayan rahotonka ya fito, kana iya neman ƙaramin tallafi. Gidauniyar Rufford ta Ingila da shirin Conservation Leadership Programme don masu tasowa aka yi su. Abin da ke kayar da masu nema shi ne faɗin buri. Wanda ya ce zai ceto dazuzzukan ƙasa baki ɗaya ba a ba shi. Wanda ya ce zai bibiyi nau'i ɗaya a wuri ɗaya na wata 12, ga hanya ga kasafi, shi ake saurara.

Mastas yana nan zuwa, amma da kuɗin wasu, kuma bayan ka san abin da kake nema a cikinsa. Tallafin karatu na Chevening na Ingila, da na DAAD na Jamus a darussan da suka shafi ci gaba, dukansu suna neman gogewar aiki ta shekara biyu. Ka ga ke nan ko ta wannan hanya aikin ne ke gaba. In kuma aikin gandun daji ne zuciyarka ta nace a kai, akwai makarantun da don shi aka gina su, kamar kwalejin Mweka a Tanzaniya da aka kafa a 1963, da ta Garwa a Kamaru mai koyarwa da Faransanci. Ranar da za ka zaɓi kwas, ka duba abu biyu: makonni nawa ake yi a fili, kuma ana koyar da lissafin ƙididdiga da manhajar R ko kuwa.

Saura Baba. Kada ka yi jayayya da shi kan darajar itatuwa, domin ba a nan damuwarsa take ba. Tsoronsa kada ya wayi gari ɗansa ya kai shekara 30 bai iya riƙe kansa ba, kuma tsoron yana kan hanya. Ka same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ka fara da gaya masa ka fasa cin bashi. Wannan kaɗai zai sa ya gyara zama. Sannan ka nuna masa sanarwar aiki biyu ko uku na kamfanonin binciken muhalli ko na hukumar tsara gari, ya ga da idonsa cewa ofis ne da albashi. Ka gaya masa sana'ar da za ka riƙe a gefe, ka kuma ba shi wa'adi: wata goma sha biyu na aikin, shida na nema. In wa'adin ya cika ba labari, taswira, ƙididdiga da rubutun rahoto da ka koya ana neman su a aikin gona, ruwa, safiyo, lafiya da agaji, sai ka juya can ba tare da ka yi asarar komai ba, tsuntsayen kuma ka ci gaba da ƙirga su ranar hutu. In da hali, ranar da za ka fara awo ka roƙe shi ya raka ka ya riƙe maka bakin igiya. Akwai yiwuwar ya san sunayen itatuwan da kai sai ka duba littafi.